Hutun da Aka Ba Mama Rifkatu

Da safen nan ina cikin danfo, motar hayar Legas, zan tafi shago, na buɗe waya sai ga hoton Mama Rifkatu a guruf ɗin ikilisiya, an zagaye shi da furanni. Ta rasu jiya a asibiti. Ba wanda ya kira ni. A fosta na gani, kamar tallan taro.



Ga waɗanda ba su san ta ba, Mama 'yar mishan ce, tana cikin manyan da suka daɗe a aikin bishara. A gabanta aka kashe mijinta da wuƙa a wani rikici can gida Arewa. Da furfurarta aka turo ta Legas ta yi aiki cikin masu jin Hausa. Kuma duk faɗin garin nan ba a ga inda za a ajiye ta ba sai Oko-Oba, bakin mayanka, inda tun asuba ba abin da kake ji sai wasa wuƙa.

Ni aka haɗa ta da ita, don ni haihuwar Agege ce, na san lungu, ina jin Yarbanci. Ranar farko da muka bi layin mahauta ta damƙe hannuna har farcenta ya bar mini shaida. Na ce mu zagaya ta titi. Ta ce mutanen da aka aiko ta wurinsu a nan suke, ba a titi ba. Bakinta na motsi da Zabura, haka muka wuce.

Na taɓa tambayarta yaushe tsoron ya tafi. Dariya ta yi.

"Wa ya ce miki ya tafi, Ladi? Kullum tare muke fita aiki. Ni dai Ubangiji nake riƙewa, tsoron kuma ya biyo mu a baya."

Masu dakon nama in wuƙa ta yanke su, wurinta suke zuwa ta wanke musu ciwo ta ɗaure, ba ta tambayar addinin kowa. Da na yi ɓari, ita ta zo da tukunyarta ta yi mini gwate har na iya tashi. Yarbanci kuwa, kalma biyu ta iya duk zamanta, da su take ciniki, da su take faɗa da kwandasta.

Akwai wani dattijon mahauci, Malam Sale, Musulmi ne na gaske. In ya hango ta sai ya sa mutanensa su sauke wuƙaƙe har ta wuce. Ba ta taɓa ba shi labarinta ba, ido kawai ya sa ya gane.

To yanzu ku ji abin da ke ci mini rai.

Bara ciyaman ɗin kwamitin mishan ya ce Mama ta gaji, ta je hutu. Hutu ya ce. A Hausar da muka sani, wanda ya tafi hutu dawowa yake yi. Ta miƙa makullin ɗakin sujada da hannu biyu har tana godiya, ta koma ɗakinta tana jira.

Da shiru ya yi yawa, ni na je ofis da ƙafata. Ciyaman ya dube ni ido cikin ido ya ce bayan Ista za ta koma. Na kai mata saƙon da murnata. Ista ta wuce, ya ce sai ruwa ya ɗauke. Wannan ma ni na kai.

Yau a ƙasan hotonta an rubuta da Turanci cewa ta yi ritaya tun bara. Na kira wata da ke aiki a ofishin, ta ce tun ranar da aka karɓi makulli magana ta ƙare, ba dai wanda ya iya faɗa mata ne. Ashe da bakina suka yi ta yi mata ƙarya.

Ganina da ita na ƙarshe watan jiya ne. Ta rame. Jakar audugarta ta wanke ciwo na rataye a bakin ƙofa, ta goge zanen zumuntar matan coci ta ninke a kan kujera. Ta riƙe hannuna ta ce:

"Ladi, in sun gama da ni ne su faɗa mini. Na bi ta gaban wuƙa shekara da shekaru, magana ce ba zan iya ɗauka ba?"

Na ce mata haba Mama, ai ciyaman ba zai yi mana haka ba.

Ranar Asabar za a yi sujadar jana'iza. 'Yan kwamitin za su tashi da manyan kwat su kira ta jarumar bangaskiya. Ni ma zan nemi a ba ni dama in faɗi abin da na sani, a gabansu, da Hausa. Ban taɓa magana gaban manya ba.

Ba zan ce Allah ya ba ta hutu ba, kalmar ta fita raina. Ya Ubangiji, ka karɓi baiwarka, ka share mata hawayen da ba mu gani ba, ka ta'azantar da 'ya'yanta da mutanenta na Oko-Oba.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa mu a addu'a. Ku roƙa mini zuciyar yafiya, don gaskiya yau ba ni da ita. Ku kuma roƙa kada muryata ta maƙale ranar Asabar.