Yarinyar da Jikinta Ya Ƙi Gyaɗa

Ban taɓa mantawa da Talatar da na fitar da Saude daga layi ba, kuma ba na jin zan manta har in bar aikin nan. Ku sababbin ma'aikata da kuka zo bana ku saurara, don wata rana irinta za ta tsaya a gabanku.

Lokacin ina ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibitin karkara, arewa da Ɗanbatta. Shekarar da aka cire tallafin man fetur ce, kwanon gero ya fi ƙarfin talaka. Kowace Talata ranar masu tamowa ce, wato yaran da rashin abinci ya ramar da su. Ga wanda bai san aikin ba, akwai ɗan tef da muke zagaya wa damtsen yaro. In ya nuna kore, lafiya lau. In rawaya, a yi hattara. In ja, sai mu buɗe masa kati, mu ba uwar abincin tamowa na mako guda. A 'yan ledoji yake zuwa, haɗin gyaɗa ne da madara da mai da sukari. Ƙa'ida ita ce uwa ta dawo da ledojin da aka shanye, saboda akwai masu kai shi kasuwa.

Saude matar wani manomi ce, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. 'Yarta Habiba ta kusa shekara ɗaya da rabi, amma in ka ɗauke ta sai ka ji kamar zani ka ɗauka. Mako uku suna karɓa, damtsen bai bar ja ba, ledojin da take dawowa da su kuma ba sa cika. Na ce mata ina sauran?

Ta ce, "Malama, ba ya karɓarta ne."

Na ce, "Ba ya karɓarta, ko dai kasuwa ce ke karɓa? Fita daga layi, akwai masu buƙata."

A gaban mata na faɗi haka. Ta goya 'yarta ta tafi. Na gaya wa in-cajinmu, wato shugaban asibitin, ya ce na yi daidai.

Bayan kwana tara Malama Falmata ta zo. Ita ce jami'ar kula da abinci mai gina jiki, daga sakatariyar ƙaramar hukuma take zagayo mana sau biyu a wata. Tana duba katuna ta tsaya a kan na Habiba.

"Wannan fa, me ya sa aka dakatar da ita?"

Na yi mata bayani. Ta ce, "Kin tambaye ta me take nufi da ba ya karɓarta?"

Na ce, "Ai kowa haka yake cewa."

Ta ce, "Ba kowa na tambaye ki ba. Ɗauko hijabinki."

Babur muka hau zuwa ƙauyen. Tun daga zaure ƙamshin suyar gyaɗa ya tare mu. Habiba tana kwance a tabarma, ƙuraje sun zagaye mata baki, ta sosa wuyanta har ya yi jini. Saude ta shiga ɗaki ta fito da kwalla, ta buɗe a gabanmu. Ga ledojin nan cike, ko ɗaya ba ta sayar ba. Ta ce duk sanda ta ba ta sai ta yi amai, leɓenta ya kumbura, gudawa ta biyo. Ta ji tsoron dawo da su ne kada mu yi mata faɗa. Na rasa inda zan sa idona.

Malama Falmata ta zauna a ƙasa ta yi ta tambaya: yaushe abin ya fara, me take ci da safe, da wane mai ake miya. Ashe tun ranar da aka fara ba ta kunun gyaɗa ne. Ta yi mana bayani cewa akwai jikin da ba ya jituwa da wani abinci, ko da abincin nan shi ke raya kowa. Abu biyu take zargi, madara da gyaɗa. Tsarin shi ne a janye su duka mako biyu, ban da nonon uwa, sannan a dawo da madara kaɗan-kaɗan a gabanmu a asibiti. Gyaɗa kuwa ta ce ba za a gwada ba, kumburin leɓen nan ya isa gargaɗi.

Saude ta ce, "Malama, gidan nan ko miya da man gyaɗa ake yi. Da ƙulin nan nake sayen gishiri da sabulu."

Malama Falmata ta ce, "Na sani, 'yar'uwa. Ba ni da wata hanya mai sauƙi da zan ba ki."

Ta tsara mata kunun gero da garin waken suya gasasshe, da dakakken busasshen kifi, da zogale, da cokali guda na manja. Ƙwai in kaza ta yi. Ta ba ta garin sinadarai da ake barbaɗawa a kunu, da maganin ƙarin jini, da ƙwayar da ake ba yaro in yana gudawa. Saude ta ware wa Habiba tukunya da cokali, ta mayar da suyarta gidan wata maƙwabciya, daga baya ma ta bari gaba ɗaya don ƙurar na biyo ta a zani. Da aka gwada madara, lafiya lau ta sha. Cikin wata biyu tef ya nuna rawaya, sannan kore. Ranar na fara jin dariyar yarinyar nan.

Damina ta shigo, rumbuna suka yi ƙasa. Malama Falmata ta daina zuwa, an ce babu kuɗin mota. Garin sinadarai ya ƙare a wurinmu. A tsakanin nan Saude ta samu ciki, aka ce a yaye Habiba, aka kai ta wurin kakarta ta wajen uba a wani ƙauye, kamar yadda aka saba. Ban sani ba, ban kuma taɓa tambayar wa zai riƙe ta in lokacin yaye ya yi ba.

Wata Laraba da hantsi aka kawo Habiba a babur. Fuskarta ta kumbura har idanun sun rufe, numfashinta na fita da ƙara. Allurar da ake yi wa irin wannan babu ita a kabad ɗinmu; in-caji ya rubuta ya nema tun kafin azumi. Na yi abin da zan iya, na rubuta takardar tura ta babban asibiti. Motar asibiti babu mai. Na rungume ta muka tsaya a bakin titi muna ɗaga wa motoci hannu. Mun samu wata ta 'yan kasuwa, amma ba mu kai gari ba. A cinyata ta cika.

Da na je ta'aziyya, kakar ce ta kamo hannuna. Tsohuwa ce, ta rame ita ma.

Ta ce, "An gaya min kar a ba ta gyaɗa, 'yar nan, ba zan yi wa Saude ƙarya ba. Kwana huɗu ina dama mata gero zalla, tana turewa, tana kukan nono. Da gyaɗa na raini ubanta. Gidan ba kifi, ba ƙwai, sai ita. Me zan ba ta?"

Na ce, "Allah Ya ba mu haƙuri, Iya." Saude tana gefe, kanta a ƙasa, da na tashi tafiya har godiya ta yi min.

Na kira Malama Falmata a waya na gaya mata. Ta ce, "Uwar muka koyar, muka manta ba ita kaɗai ke ciyar da ita ba."

Tun daga nan, in uwa ta ce abinci ba ya karɓar ɗanta, nakan ajiye biro in ji yadda abin yake. In an hana yaro wani abinci, sai na taka na je gidan, na ga uba, na ga kaka, na ga duk mai iya miƙa masa cokali. Kuma ba na cewa "kar a ba shi" sai na san abin da za a ba shi a madadi, wanda ke cikin gidan, ba wanda ke cikin littafinmu ba. Mutanen nan ba taurin kai ne da su ba, babu ce ta yi musu yawa. Hanawa ba ta da wuya, kowa ya iya. Amma tambayar tsohuwar nan, har yau in aka sake yi min ita a damina irin waccan, ban san me zan ce ba.