Wayar da Na Kankare a Kasuwar Cadawa

Ni ne na rufe rumfar tsohon mai gyaran rediyo na kasuwar Cadawa. Da bakina na rufe ta, da ƴar rezar da nake fiƙe fensir, kuma har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

Lokacin ina koyarwa a wata lakol kusa da Agiye. Ni mutum ne mai son kiɗan noma, irin wanda in ganga ta sauka kake jin ta cikin ƙirji, kuma na daɗe ina burin kayan sauti na kirki. Da Allah ya hore, na je Maraɗi na sayo ampuli, wato na'urar ƙara sauti, da manyan sifiku biyu. Matata ta dube su ta ce ai sun fi randarmu girma, ko ruwa za mu riƙa zubawa ciki? Na shirya ampuli da batir su zauna ɗaki, sifikun kuma a zaure, ɗaya dama ɗaya hagu, inda muke shan shayi da abokai bayan la'asar. Tsakanin ɗaki da zaure akwai tazara, sai doguwar waya. Mai kantin Maraɗi ya ja min kunne cewa in nemi mai kauri, ta jan ƙarfe zalla, in ba haka ba sauti zai raunana a hanya. Na riƙe wannan magana kamar karatun allo.

Wurin tsohon na tafi sayen wayar, don abokin marigayi mahaifina ne, kuma tun ina ƙarami shi ke gyara rediyon gidanmu. Da ido ya yi suna. Yakan buɗe bayan rediyo ya leƙa sau ɗaya, ya nuna abin da ya ƙone, ya ɗauko ƙarfen liƙi daga cikin gawayi ya gama aiki. Har daga Gazawa ake kawo masa gyara. Da rumfar nan yake ciyar da gida guda, don gonarsa ƴar ƙarama ce.

Ranar na ga wasu abubuwa, ban ba su muhimmanci ba. Bai ɗauko abin awo ba, da kamu ya auna min wayar. Ya yi ta shafa ta da babban yatsa yana jinjina nauyinta. Da aka zo yanka ya miƙo min wuƙa ya ce in yanka da kaina, ai ni ne mai boko. Ya ce wani fatake ne ya kawo masa ita daga ƙetaren iyaka, ya rantse masa jan ƙarfe ce zalla. Sannan ya ce in lura, wayar tagwaye ce, ɗaya tana da siririn layi a jikinta, kada in haɗa ta a juye. Na yi dariya na ce, haba Baba, ni da nake koya wa yara yadda ake kunna ƙwan fitila da batir?

Na ja wayar bisa katanga, na ɗaure ta da ƙusoshi, na kira abokai. Matata har da soya gyaɗa. Na kunna. Wallahi sai ka ce ana buga faranti. Muryar mawaƙi na nan, amma gangar ta ɓace, babu amo ko kaɗan. Wani abokin aikina, mutum mai tsokanar tsiya, ya ce ƴar rediyon matarsa ta fi wannan. Ya ciro bakin wayar ya karce da farce, sai ga fari ya fito ƙarƙashin jan. Sanholo ce aka shafa wa launin jan ƙarfe. Aka kwashe da dariya, wai an ci Mushe, kamar yadda ake kiranmu malaman lakol, da yaƙi a kasuwar garinsu.

Kwana ukku tsakanin ranar da ranar kasuwa. Mutum mai hankali ya isa ya huce a kwana ukku. Ni kullum ƙara hawa nake. Matata ta ce in bari sai yamma, in kasuwa ta watse, in same shi shi kaɗai. Na ce mata ta yi harkar tuwonta.

Da hantsi na isa, rumfar cike da masu kawo gyara. Ko gaisuwa ban yi ba. Na ciro guntun wayar, na kankare shi da reza gaban kowa, na ɗaga sama. Na ce mutum da furfurarsa ya cuci ɗan abokinsa, ina sauran bayin Allah? Na faɗi wasu maganganun da ba zan iya rubutawa ba. Masu wucewa suka tsaya kallo.

 Tsohon ya miƙo hannu na dangwara masa guntun. Ya kai shi dab da hancinsa, ya juya wajen rana, ya sake matso da shi.

Ya ce, "Mushe, fari ne?"

Na ce kowa ma ya gani.

Ya ce, "To, ni ban gani ba. Damina biyu ke nan ban rarrabe ja da fari."

 Ashe yanar ido ce ta rufe masa gani, yana ta ɓoyewa. Da yatsa da kunne da ƙaurin abin da ya ƙone yake gyara, kuma cikin damina biyun nan ba wanda ya dawo masa da ƙorafi. Ya zaɓi ya tona wa kansa asiri da a ce masa macuci. Ina tsaye wani mutum ya sunkuya ya ɗauki rediyonsa daga tabarma, ya ce zai dawo kasuwa mai zuwa. Wata mata ma ta ɗauki nata ta saɓa a kai. Kafin a girbe hatsi rumfar ta zama ta mai cajin salula.

Ban ma gama ganin wautata ba sai daga baya. Na sayo sabuwar waya ta gaske daga Maraɗi, na durƙusa bayan sifikar hagu zan cire tsohuwar, sai idona ya faɗa kan siririn layin nan. A juye na haɗa ta. Na mayar da ita daidai, na kunna, ganga ta sauka har ƙofar zaure na rawa. Wayar tsohon ce dai, sanholon nan. Na kashe na zauna ƙasa. Matata ta leƙo ta gan ni, ta koma.

Sai da na yi wata biyu kafin in iya zuwa gidansa. Na same shi da safe gindin itacen bedi, yana tufka igiya da zaren buhu. Da sallama kawai ya gane ni, ya matsa min a tabarma, ya tambayi iyali da yaran lakol. Na zo ne in gaya masa wayarsa lafiya lau take aiki, laifin hannuna ne. Tun a hanya na shirya maganar.

Ya riga ni. Ya ce abin na damunsa, ya kasa samun natsuwa, wai ya sayar wa ɗan abokinsa jabu, me zai ce wa mahaifina in sun haɗu? Ya lalubo wata igiya da ya gama ya sa min a hannu, ya ce in ja ta in gani, wannan dai ya san abin da ke cikinta. Sannan ya riƙe hannuna.

"Ka yafe min, Mushe."

Na buɗe baki, gaskiyar ta ƙi fita. Na gaya wa kaina wai tausayi ne, kada ya san rumfarsa ta tafi a banza. Ƙarya nake, kunya ce da tsoro. Ya rasu da rani mai zuwa bai ji ba. Wayarsa na nan bisa katangata tana aiki, sabuwar kuma tana cikin ledarta ban taɓa warware ta ba.

Abin da na ce masa ranar, yana riƙe da hannuna, shi ne na yafe.