Garin da Aka Kamo Uwar Kakata

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma har yau ina tsoron kada in tona abin da ba ni da ikon tonawa.

A shekarun da jam'iyyu suka cika gari, malamai suka shiga yajin aiki, lakwal, wato makaranta, ta yi watanni a rufe. Wata malama da ke haya a gidanmu a Sabon Garin Maraɗi ta rasa abin yi da hantsi, sai ta riƙa zama da mu muna ɓarar gyaɗa, tana karanta wani littafin Faransanci tana mayar mana da shi Hausa. Ta ce tsohon labarin yaƙin Girkawa ne da maza suka saba bayarwa, amma wata marubuciya ta sa shi a bakin matar da aka kashe mijinta, aka ba da ita ga wanda ya kashe shi.

Kakata ta zo daga Tibiri ganin likita, tana kwance a tabarma, mun ɗauka barci take. Da aka kai inda mayaƙa ke rabon mata, sai ta ce, "Malama, wannan ba tatsuniya ba ce. Haka aka yi wa uwata."

Ta faɗi sunan garin da aka kamo uwar tata sau ɗaya tak. Malama ta ba ni sabon kaye na rubutu, ta ce in bi tsohuwa Tibiri in rubuta komai daga bakinta. Na je sau biyu, ban rubuta ko layi ɗaya ba. Lokacin wani manomi daga Jiratawa yana neman auren yayata. Na yi ta tunanin in kayen ya faɗa hannun danginsa, za a ce mu jikokin baiwa ne. Na ce wa Kaka sai bayan biki. Ta yi dariya, ta ce, "Ke dai da tsoron nan za a rufe ki."

Sati uku bayan biki Kaka ta rasu. Sunan garin ya ɓace mini. Na tambayi kawunnaina, suka ce ba su san zancen ba, babban ma ya daina gaisawa da ni. Malama ta bar Maraɗi, ban san inda ta nufa ba.

Abin da na riƙe kaɗan ne. Garin yana kudu, tafiyar kwana huɗu a ƙafa. Uwar Kaka tana da zane biyu a kumatun hagu, kuma ta bar jariri namiji a bakin rijiya. In a gidanku an taɓa cewa an tsinci kakanku haka, don Allah ku sanar da ni.