Naman idona da Inna ta binne

Shekarun baya, wani ɗan tsiro ya fito mini a farin idon dama. Ni direba ne, Jos zuwa Kuru nake yi, idon nan shi ne abincina. Na ɗiga maganin kemis har na gaji, abu sai girma yake.

A asibiti likita ya yanke shi, ya saka a 'yar kwalba mai ruwan magani, ya miƙo mini. Ya ce in kai wa wata likita da aikinta duba naman ido a madubin ƙara girman abu. In ta ce ciwon daji ne, wataƙila sai an cire idon. Ni bokona bai yi nisa ba, ban taɓa jin likitan da nama yake dubawa ba mutum ba.

Na je na tarar sun tashi. Na wuce gida Dilimi, na ajiye kwalbar kan taga.

Da safe babu kwalba. Na tambayi mahaifiyata.

"Ta naman? Ai na binne."

"Inna, kin yi me?"

"To naman ɗan Adam ne za a bari kan taga kamar kilishi? Cibiyarka ma ni na binne, wa ya tambaye ni?"

Na ce in babu naman nan, ba mai sanin daji ne ko ba daji ba. Ga shi ta manta wurin, ta dai san kusa da gwaiba ne. Ni ido ɗaya a naɗe, ita da fartanya, muka yi ta tono har maƙwabci ya leƙo ta katanga ya ce, "Oga, ma'adinin kuza kuka samu ne?"

Muka samu kwalbar a rufe, naɗe cikin farin ƙyalle kamar likkafani.

Likitar ta ga ƙasa a murfin, ta ji labari, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ruwan maganin ya tsare naman. Da sakamako ya fito ta ce ba daji ba ne, rana ce da iskar hanya suka jawo shi. Na fito na zauna a dakalin asibitin.

Har yau da idon nake tuƙi, kuma ina yi wa likitar nan addu'a. Inna kuwa da na kai mata albishir, hamdala ta yi, sannan ta ce, "To tunda sun gama, su dawo mini da shi in mayar."