Takalman Amaren Gidanmu

A gidanmu na Malanville akwai wasu takalma na jar fata da kakar Innata ta zo da su daga Kabi, tun ba a yi gada bisa kogi ba. Ɗinkin baduku ne, gabansu rufe, bayansu buɗe, da ɗan adon koren zare a baki. Ba na yawo ba ne. Aikinsu guda: duk amaryar da za a kai ɗakinta, da su take taka ƙofar gidan miji. In biki ya watse sai a maido su tare da goro, Inna ta shafe su da man shanu, ta naɗe a tsumma, ta sa cikin adaka.

Kuma ba a hana kowa aro, haka munka taras. Maƙwabtanmu Dandawa sun ara, mata sun zo bisa moto daga Garou da Madécali sun ara, ba shaida, ba rantsuwa. Ni ma da su na shiga ɗakina. Sun yi mini yawa, sai da anka cusa auduga a gaba.

Wata shekara, ina gidan mijina, baƙi sunka zo daga kudu da tafintansu, suna bin gida gida neman kayan da. Wani mai dogon baki ya nuna masu ƙofarmu. Sunka ce wa Inna za a yi babban taro can bakin teku, suna son jama'a su ga takalman, sunka aje mata goro cike da ƙwarya. Inna ta ji taro, ta ga goro, to me ya rage? Biki ke nan. A wurinmu goro bayan an maido yake zuwa, amma ta ɗauka mutanen ga ladabi ne ya yi masu yawa. Su kuwa a nasu ganin tukwicin kyauta sunka bayar. Har mai ta shafa wa takalman kafin ta miƙa, don kada a ce gidanmu ya ba da aron abu a bushe.

Shiru, shiru. In an tambaya, Inna ta ce hanya ce da nisa. Mata sunka yi ta zuwa aro suna komawa hannu rabbana, har sunka daina zuwa. Idon Inna ya mutu tana jira.

Da anka sa ranar ɗiyata ta fari, Inna ta kira ni.

"Ki tafi ki amso. Ko bikin ɗiyar sarki ne, ya isa ya watse."

Ta ba ni man shanu cikin 'yar kwalba. Na shiga kar, babbar motar fasinja, na yi tafiyar da ƙafafuna sunka kumbura. Can anka nuna mini gidan tarihin da anka aje su. A ƙofar sai da na sayi tikiti kafin in ga kayan gidanmu, mai gadi kuma ya amshe kwalbar, wai ba a shiga da abinci.

Na gan su bayan gilashi, an haska masu fitila. Wallahi da ƙyar na gane su. Sun bushe sun lanƙwashe kamar kifin da ya daɗe bisa waya, jan ya koma baƙi-baƙi, bakin na dama ya tsage. Audugar amaryar ƙarshe na nan cikin na hagu, ba wanda ya ma cire ta. Na roƙi wata ma'aikaciya ta karanta mini rubutun Faransanci da ke ƙasa. Ta ce an rubuta takalman matan arewa ne na da, yanzu ba a sa irinsu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba a sa su, to wa ya hana?

Anka kai ni wurin babbansu. Mutumin kirki, ba zan yi masa ƙarya ba, ya ba ni kujera da ruwan sanyi. Na ce aro munka bayar, na zo amsa, in ma ba za su saki ba su ara mini na yini guda.

"Hajiya, wannan dukiyar ƙasa ce yanzu," in ji shi. "In ƙafa ta shiga, za su lalace."

"Ranka ya daɗe, ƙafafun amare nawa sunka shiga ba su lalace ba? A hannunku sunka tsage. Fata in ba ta sha mai ba mutuwa take."

Ya ce suna da nasu hanyoyin adana kaya. Na ce to a bar ni in shafa masu mai kawai, man na nan wurin mai gadi. Ya yi murmushi, ya ce ko su da safar hannu suke taɓawa, amma an yarda in ɗauki hoto. Hoto zan kai wa makauniya? Na tashi ban sha ruwan ba.

Da na dawo na rasa bakin faɗa wa Inna, ita ma ba ta tambaya ba, ta ɗauka suna cikin jakata. Ranar kai amarya na sayo wa ɗiyata takalman kasuwa masu ƙyalli, irin na kowa. Inna ce ke sa wa amaren gidanmu takalmi tun ina yarinya, don haka anka kamo hannunta, anka zaunar da ita gaban jikarta. Ta laluba ta ɗauki na dama, ta shafa gabansa, ta shafa bayansa, ta kai hanci. Ta sa wa yarinyar duka biyun, ta yi mata addu'a yadda ta saba, sannan ta juyo wajen da take jin numfashina.

"Amaryar tasu har yanzu ba ta tare ba?"

"Ba ta tare ba, Inna."

"To aje man nan cikin adaka," ta ce. "In sun maido za su sha da yawa."