Hannun da Na Miƙa a Sri Petaling

Haɗeja zuwa Kano

Ba a kira sallar asuba ba muka tashi daga Haɗeja, ni da direban gidanmu. Kayana jaka ɗaya ce, sai ƙullin yaji da kuka da 'yata Binta ta ce a kai wa ɗanta Mubarak, mai karatun kwamfuta a Kuala Lumpur. A Gujungu muka tsaya muka yi sallah. A shingen bayan Ringim jami'in ya leƙo, ya ga furfura, ya ce, "Baba, a sauka lafiya."

Ba yawon buɗe ido ne ya fitar da ni ba. Wani hoto ne ya zaga a waya har ya iso hannun Binta: ga Mubarak leɓe a kumbure, damatsansa duk tabo, yana tsaye cikin wasu Sinawa masu baƙaƙen riguna. Da aka tambaye shi sai ya ce motsa jiki yake yi. Uban, Alhaji Nasiru, bai yarda ba. A filin jirgin Kano ya ja ni gefe ya ce, "Baba, kai ka zaga duniya, kana jin harsuna. Ka je ka gani da idonka. In daba ya shiga, ka taho min da shi, karatun ya tsaya. Na riga na kama masa kujera a jirgin da za ka dawo."

Shekara guda ta rage wa yaron ya gama.

Addis Ababa zuwa Kuala Lumpur

A Addis Ababa muka sauya jirgi. Na sha baƙar gahawarsu mai ɗaci, wadda ta fi ta Istanbul ƙarfi, amma ba ita ta hana ni barci a jirgi ba. Kujerar nan da aka kama wa Mubarak ce. Mun sauka da yammacin washegari cikin zafi mai gumi irin na Legas da damina. Jami'ar shige da fice ta tambayi abin da ya kawo ni, na ce jika. Ta buga hatimi.

Mubarak na jirana a waje. Ya rame, amma kafaɗarsa ta buɗe. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙe ya ce, "Tsoho, ashe kana da sauran ƙarfin zama a jirgi."

Na ce, "Ƙarfin da zan ƙwace maka budurwa ma akwai."

Muka yi dariya, amma idonsa bai yi ba. Da muka shiga mota, direban da Mubarak ya kira ta waya, wani Ba'indiye, ya waiwayo ya ce min, "Sudah makan?" Mubarak ya ce tambayata yake ko na ci abinci, kuma ita ce gaisuwarsu, kamar mu ce ina gajiya.

Bukit Jalil

Ɗakinsa yana hawa na goma sha bakwai a wani dogon bene da ɗalibai baƙi suka cika. Muka shiga lif da jakata. Ƙofa na shirin rufuwa sai wasu maza biyu suka sako kai. Kafin in ƙifta ido Mubarak ya fice. Ya ce, "Kaka, ka danna sha bakwai, zan same ka." Na daɗe a sama ina jira kafin ya ɓullo ta matattakala, riga sharkaf, yana haki.

Bayan mun ajiye kaya muka sauko muka zauna a mamak ɗin ƙasan benen, wato shagon abinci na Indiyawa Musulmi. Aka kawo gurasar roti da shayi mai kumfa. Shi ya fara magana.

"Abba ne ya aiko ka ka tafi da ni?"

"Shi ne."

Ya juya kofinsa. "To ka riga ka yanke?"

"Ban gani ba tukuna. Me ya fitar da kai daga lif?"

A nan ya ba ni labarin da bai ba iyayensa ba. A shekararsa ta farko, lokacin yana zaune a unguwar Setapak, wasu mutum biyu suka matse shi a cikin lif suka ƙwace masa waya. Ɗaya ya danne masa maƙogwaro da gwiwar hannu. Ya ce, "Kaka, na fi su tsawo, amma babu wurin da zan ja hannu baya. Tsayawa kawai na yi." Tun daga ranar, muddin baƙon namiji ya matso shi a wuri matsatse, numfashinsa ɗaukewa yake. Wani ɗan ajinsu ne ya kai shi makarantar wani tsohon Basine mai koyar da faɗan da ake kira Wing Chun, wanda kusan duk aikinsa a kusa da jiki ake yinsa.

"Gobe Asabar akwai darasi da safe. Ka zo ka gani. Amma don Allah, Kaka, ka zauna kawai."

Sri Petaling

Tasha ɗaya ce a jirgin ƙasa na cikin gari. Makarantar na saman wani shagon gyaran babura: ɗaki dogo, madubi a bango, fanka na juyawa, ga wani gungumen katako mai hannaye uku a kusurwa. A can ƙurya akwai hoton wani tsoho da turaren tsinke a gabansa. Na sa ido in ga ko jikana zai rusuna wa hoton. Mubarak da wasu samari Malayu biyu ba su je wurin ba. A tsaye suka ɗora dunƙulen hannu a tafi suka gaida malamin. Sifu suke kiransa. Gajere ne, siriri, zai yi sa'ana.

Ni ɗan mahauta ne. A gefen filin dambe na girma, kuma duk ƙasar da na je sai na nemi wurin 'yan wasanta. Na ga kokawar Dakar, na ga ta Nubawa a Khartoum, na ga Turkawa sun shafe jiki da mai suna kama juna. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutum biyu za su tsaya dab da juna, su haɗa damatsa, na wannan a kan na wancan, su riƙa juya su a hankali kamar masu tuƙin tuwo. Gwiwar hannu ba ta barin gaban ciki. Ba a raba fata da fata. Chi sau suke ce masa, wato hannu mai manne. Ɗan dambe idonsa ne ke gaya masa naushi na zuwa, don akwai fili tsakaninsa da abokin karawa. A nan babu fili, fatar hannu ce ke ji. In ka tura da ƙarfi, sai a kauce maka ka wuce. In ka janye, sai hannun ya biyo ka ta ramin da ka bari. Wasu ma a rufe idonsu yake.

Da aka huta Mubarak ya kai ni wurin Sifu. Na miƙa hannu, ya karɓa. Sai na yi abin da nake yi wa kowane sa'ana a gida: na ɗora hannun hagu a kan damtsensa, na riƙe, ban saki ba, ina tambayar iyali da jiki. Hannun nan kamar taɓarya. Na matsa shi da babban yatsa, na ce masa da Turanci, cikin raha, daga nesa na zo don in ga ko abin da yake koyarwa gaskiya ne. Don in nuna masa mu ma muna da namu, na ja ƙafar dama baya, na dunƙule dama, na miƙa masa hagu a buɗe, tsayuwar ɗan dambe.

 Mai dukan gungume ya tsaya. Wani ƙato da ke shan ruwa ya ajiye gorarsa a hankali.

Mubarak ya ce da Hausa, "Kaka, sauke hannunka. Sauke."

"Me na yi?"

"A wurinsu baƙo ba ya shigo makaranta ya taɓa damtsen malami, ya ce ya zo gwada gaskiyarsa, ya kuma miƙa hannu. Takalar faɗa ke nan. A gaban ɗalibansa."

Na sauke, na fara bayani. Sifu ya ɗaga tafi. Babu fushi a fuskarsa, kuma hakan ya fi tsorata ni. Ya ce tambayar da aka yi da hannu, da hannu ake amsa ta. Ya ce shi tsoho ne, ni ma tsoho ne, kuma baƙo. "Jikanka zai tsaya maka. Ah Keong zai tsaya min." Ah Keong shi ne ƙaton nan, babban ɗalibinsa.

Na kama rigar Mubarak. "Zo mu tafi."

"In na fita yanzu ba zan ƙara shigowa nan ba, Kaka." Ya zare rigarsa daga hannuna. "Ai gani ka zo yi."

Na zauna a benci. In aka ji masa ciwo, ni na jawo. In kuma ya haukace ya rufe mutum da duka, to maganar ubansa ta tabbata, kuma a gabana.

Suka haɗa damatsa. Juyi biyu, uku, a hankali. Sai Ah Keong ya mari hannun Mubarak gefe da tafi ɗaya, ɗayan hannun ya wuce ta sama ya sauka a ƙirjinsa. Tim! Suka sake haɗawa. Wannan karon fizgar wuyan hannunsa ya yi ƙasa, bayan hannun Ah Keong ya sami bakin Mubarak. Jini ya fito. Ah Keong bai tsaya ba. Taki ɗaya, taki biyu, yana tura shi har bayan Mubarak ya taɓa bango tsakanin madubi da gungume. Wurin bai fi faɗin lif ba. Damtsen Ah Keong ya danne masa hannaye biyu a ƙirji, yana hawa wajen wuya.

Na ga idon yaron ya fito. Na ga kafaɗunsa sun ɗage, bakinsa a buɗe babu iska. Na miƙe tsaye. Sifu bai dube ni ba, kalma ɗaya ya faɗa wa Mubarak da yarensu, a hankali. Daga baya na ji ma'anarta: saki.

Mubarak ya fitar da numfashi. Kafaɗun suka sauka. Bai tura ba. Juya ƙugu ya yi kaɗan, ya ɗaga gwiwar hannu kamar fiffiken kaza, nauyin Ah Keong ya zame ta kai ya tafi bango. Hannun Mubarak na dama ya bi ta ƙarƙashi, tafin a buɗe, ya isa gefen wuyan ƙaton nan, inda babu abin da ya tare.

Ya tsaya a nan. Fata ta taɓa fata, bai buga ba. Jini na ɗiga a haɓarsa, mutumin da ya fasa masa baki na hannunsa, amma Mubarak ya tsaya.

Ah Keong ya dubi hannun, ya yi murmushi, ya ce, "Boleh lah." Wato ya yi, ke nan. Suka rabu, kowa ya ɗora dunƙule a tafi.

A dambe kisa ake nema, sai abokin karawa ya taɓa ƙasa makaɗa ke gocewa da kiɗa. Na sha tafa wa hannun da ya kayar da mutum. Ban taɓa ganin an horar da hannu ya san inda zai tsaya ba.

Na je gaban Sifu, hannayena a baya wannan karon, na ba shi haƙuri. Na gaya masa a garinmu riƙe hannu girmamawa ce, wanda ka saki da wuri shi ka raina. Ya tuntsire da dariya har da tari. Ya sa aka kawo shayi a ƙananan kofuna, ya kuma ba Mubarak wani baƙin magani mai wari ya shafa a damatsa. Ya ce min, "Jikanka ya zo nan da tsoro. Na yi zaton kai ka kawo masa ƙari." Kafin mu tafi sai da ya sa na sake nuna masa tsayuwar dambe, ya zagaya ni yana dubawa, ya ce hagun ta yi nisa da jiki. Na ce ya zo Haɗeja ya faɗa wa mahauta haka.

Da muka koma Bukit Jalil ana ruwa, lif cike da mutane masu jiƙaƙƙiyar lema. Muka shiga. Wasu maza uku suka ƙaru, ɗaya kafaɗarsa a jikin Mubarak. Na ji yaron ya ja numfashi ya fitar. Ƙofa ta rufe da shi a ciki. Ban dube shi ba, lambobin nake kallo har sha bakwai.

Da muka fito ya ce, "Tsoho, saura kaɗan ka sa a kashe ni."

Na ce, "Kira uwarka ka gaya mata maganar Setapak da bakinka. Ubanka kuma ka bar min shi."

Komawa gida

Na ƙara kwanaki kaɗan, na yi Juma'a tare da ɗalibanmu, na ci shinkafar kwakwa har ta gundure ni. Daga Kuala Lumpur zuwa Addis Ababa kujerar gefena babu kowa, na miƙe ƙafa na yi barcin da ban samu ba a zuwa.

A Kano Alhaji Nasiru na tsaye a bakin ƙofar fita, yana leƙen bayana.

"Baba, ina yaron?"

"Yana makaranta. Na gani da idona, kamar yadda ka ce. Ba daba ba ce. Leɓen nan kuwa ya sake fashewa, kuma wannan karon aikina ne. Mu shiga mota in ba ka labari."

Ya miƙo hannu, na kama da hannu biyu, na ɗora hagu a damtsensa, na riƙe iya son raina. Babu wanda ya ajiye gorar ruwa.

Mun isa Haɗeja kafin magariba. Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma rufa min asiri a ɗakin nan na saman shagon babura. Godiya ga Sifu da ya yafe wa baƙo, da Ah Keong da bai sassauta wa jikana ba.