Hoton da Baffa ya roƙe ni

A cikin abubuwan da suka same ni a rayuwa, akwai wani yammaci a Toranke da ba na jin zai taɓa fita daga raina. Shekaru sun shuɗe, amma duk sanda na tuna sai kunya ta kama ni.

Lokacin ina aiki a Kano, na sayi sabuwar waya mai ɗaukar hoto tangaran, sai ɗaukar hoto ya shiga raina. Da kaka na je gida hutun kwana biyu. Bayan la'asar na fita ni kaɗai, na nufi wasu duwatsu da ke can bayan gonaki, don in ɗauki faɗuwar rana daga sama in ɗora a shafina a yaba.

A gindin dutsen gonar Baffa take, yayan mahaifina. Na same shi yana cirar gyaɗa, daga shi sai 'yar shara, rigarsa da hularsa na rataye a reshen wata ƙirya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi wayar hannuna ya yi murmushi.

"Ɗana, wannan ce mai hoton? To ɗauke ni da gyaɗar nan, ka tura wa ƙanwarka. 'Ya'yanta ba su san fuskata ba."

'Yarsa yake nufi, wadda take aure a Fatakwal, ta daɗe rabonta da gida. Shi kuwa Baffa ba shi da wani hoto sai na katin zaɓe.

Na ɗaga kai na ga rana ta fara ja. Na ce, "Baffa, hasken nan ba ya jira. Bari in hau in sauko, yanzun nan."

Ya ce, "To, je ka. Kafin nan na sa riga."

Minti ɗaya kacal ya roƙa, na hana shi. A lokacin ban ma ga laifina ba.

Na hau ina haki, ina kama dutse da hannu. A sama kuwa abin ya yi kyau ƙwarai. Dawa ta nuna ta yi ja har iyakar ganina, shanu na komawa ruga, duwatsun sun koma kamar an shafa musu manja. Na ɗauka ta nan, na ɗauka ta can, na koma wani tsauni na sake ɗauka. Ban farga ba sai da na ji kiran sallar magariba daga gari. Da na sauko duhu ya fara, Baffa ya tafi masallaci. Na ce a raina gobe ma rana ce. Washegari da sassafe na bi motar Ajingi na koma Kano.

Mako uku bayan nan aka kira ni, Baffa ya rasu bayan zazzaɓin kwana biyu.

A wurin zaman makoki ƙanwar tawa ta aiko a kira ni cikin gida. Idonta ya kumbura. Ta ce, "Yaya, Baba ya gaya mini a waya za ka turo mini hotonsa. Yana nan?"

Na buɗe wayar ina ta wuce duwatsu da gajimare, tana leƙe. Sai ta riƙe mini hannu, ta nuna wani ɗan farin ɗigo a ƙasan wani hoto. Na ja shi da yatsu ya ƙara girma. Baffa ne. Ya sa rigarsa da hularsa, ya tsaya cak kusa da tarin gyaɗa, hannuwansa a gefe, yana fuskantar dutsen. Fuskar ba ta fito ba. Muka duba hotunan da ke biye, yana nan tsaye a guda huɗu. A na biyar babu kowa.

Ba ta zarge ni ba. Cewa kawai ta yi, "Turo mini wannan ɗin ma."

Tun daga ranar na gane cewa idan mutum ya roƙe ka ƙaramin abin da kake iya yi masa nan take, ka tsaya ka yi masa. Abin da kake gaggawar zuwa gani zai iya jira, shi kuwa ba ka san kwana nawa suka rage masa ba.